Raba Ɗaki

Ƙarfe tara na dare a Sheffield,
ruwa na bin gilashi kamar marar masauki.
Gethin ya tafi ya bar rabin shayinsa.
Daga ni sai fayil guda,
layi dubu huɗu da ɗoriya.

Duk a nan suke kwana:
Mai Dabba da Dabbarsa, Likita, Ziyara, Allura, Rasit,
har da wani Rangwame na Kirsimetin shekara uku baya
da ba a tashe shi ba, ba a kuma binne shi ba.
Gidan haya ne mai ƙofa ɗaya,
ka shiga neman gishiri ka taka ƙafar mutum goma.

Ban zagi wanda ya aza tubalin ba.
Su uku ne a lokacinsa, tabarma ɗaya ta ishe su.
Da yayyafi kogi kan cika.
Kowa ya zo da gaggawarsa ya jefa a ƙasan shafi,
ni ma na jefa, sau bakwai, sunana na nan a tarihi.

Yau na ɗaure zan raba ɗaki.
Dabbobi da masu su, ku bi nan.
Kuɗi, ga naku da sakata.
Asibiti, ku ɗauki na kusa da ƙofa.
Abin da kowa ke maimaitawa,
yaushe aka rubuta ka, yaushe aka taɓa ka,
na kwashe na ba wani kaka
wanda ba shi da gado a gidan
amma hancinsa na fuskar kowane jika.

Sai rigima.
Rasit ya ce ba ya tashi sai an kira Ziyara,
Ziyara ta ce a fara kiran Rasit.
Na san wannan cuta:
Kawu Ɗanlami da Baffa Ilu,
shekara goma kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sallama.
Allo ya yi ja, na yi tagumi,
mai shara ta wuce da injinta tana kallona.
Ashe maganin ƙarami ne:
ba sai ka ɗauko mutum ka zaunar a ɗakinka ba,
ambaci sunansa kawai,
in lokaci ya yi za ku haɗu a tsakar gida.

Tsorona rumbun ne.
Karnuka da kyanwoyi dubu talatin da ɗaya na ciki,
kowanne da ranar haihuwa, abin da kakata ba ta da shi.
Kar ya zaci an yi ƙaura ya soma rushe bango.
Na tambaye shi, numfashina a riƙe.
Ya ce bai ga canji ba.
Alhamdu lillahi.

Gwaji ɗari biyu da sha biyu, duk kore,
sai ɗaya ja: wata kunkuru, Doris,
mai shekara casa'in da huɗu,
wadda wani ya yi wa doka ta daban ya ɓoye a layi na dubu uku.
Na nemo dokar na kai ta ɗakin dabbobi.
Ki yi haƙuri, Hajiya.

Gobe ba mai ganin aikin nan.
Matar da ke Walkley za ta danna ta samu ƙarfe goma
ta sa kyanwarta a kwando, shi ke nan.
Sai dai Barira da za ta fara aiki ran Litinin,
in an ce ta gyara rasit,
za ta buɗe ƙofa ɗaya ta same shi zaune.

Innata a shagonta na Funtuwa,
in an ɗauke wuta ba ta neman tocila,
hannu take miƙawa ta ɗauko ashana.
Ita na tuna
ina gudun jirgin titi na ƙarshe,
lemata na kan tebur, kusa da shayin Gethin.